NTA, Tashar Jiha ko Arewa24: Wacce Ta Fi Iya Riƙe Gida Daga Safe Zuwa Dare?

A gidan da talabijin ɗaya ce tak a falo, kuma mutum goma ko fiye suke kallonta, zaɓen tasha ba ƙaramin al'amari ba ne, domin tashar da aka saba barin akwatin a kanta ita ce take shiga kunnen yara kafin su tafi makaranta, ita take taya uwargida hira da hantsi, ita ce kuma maigida yake tararwa idan ya dawo daga sallar Isha'i. Akwai tashoshin da aka gina musamman domin wannan aiki, wato waɗanda suke haɗa labarai da wasan kwaikwayo da wa'azi da girke-girke da wasanni a cikin yini guda, don kowa ya samu rabonsa. A arewacin Najeriya iri uku ne suke takarar wannan matsayi: NTA ta gwamnatin tarayya, da tashoshin jihohi irin su ARTV ta Kano, da kuma Arewa24 mai watsa shirye-shiryenta da Hausa dare da rana. Duk wanda yake so ya zaɓa tsakaninsu, ya kuma san na'urar da zai kashe kuɗinsa a kanta, eriya ce ko farantin tauraron ɗan'adam ko dikodar biyan kuɗin wata, ya kamata ya auna su da yininsu cikakke, kada shiri ɗaya da ya yi suna ya rufe masa ido.

Asalin kowace tasha shi ne yake bayyana yadda take raba sa'o'inta. Talabijin ya shigo Najeriya ta Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962 lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata, sannan gwamnatin soja ta tattara tashoshin yankuna a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda doka ta tabbatar da ita a 1977 da sunan NTA. Tun daga ranar aikinta shi ne ta yi wa ƙasa baki ɗaya magana da murya ɗaya, shi ya sa mafi yawan manyan shirye-shiryenta da Turanci suke, kuma daga hedikwata ake turo su zuwa rassanta kimanin 100 da ke faɗin ƙasar, kowane reshe ya cike sauran lokacin da nasa. Tashoshin jihohi sun taso ne a jamhuriya ta biyu, lokacin da gwamnonin da ba sa jam'iyya ɗaya da gwamnatin tarayya suka ga suna bukatar bakin kansu. Ta Kano gwamnatin Abubakar Rimi ce ta kafa ta da sunan CTV, aka mayar da ita ARTV bayan rasuwarsa a 2010. Ita kuwa Arewa24 ta zamanin tauraron ɗan'adam ce. Ta fara aiki a 2014, da tallafin gwamnatin Amurka a shekarunta na farko, daga baya ta koma dogaro da tallace-tallace, kuma tun farko an tsara ta ne a kan nishaɗi da zamantakewa. Saboda haka NTA tana kallon mai kallonta a matsayin ɗan ƙasa, tashar jiha tana kallonsa a matsayin ɗan jiha kuma mai jefa ƙuri'a, Arewa24 kuma tana kallonsa a matsayin Bahaushe mai iyali da ke son ya huta, wanda masu talla suke son su kai gare shi.

Da safe bambancin a fili yake. NTA tana da shirin Good Morning Nigeria, inda ake gayyato ministoci da shugabannin hukumomi da masana su tattauna batun da ke gaban ƙasa, kamar kasafin kuɗi ko tsaro ko farashin man fetur. Shiri ne mai nauyi, kuma ma'aikacin gwamnati ko malamin makaranta da ke jin Turanci zai ƙaru da shi ƙwarai, amma ba shiri ba ne da uwa mai haɗa wa yara koko da ƙosai za ta bi da rabin hankali. Gari Ya Waye na Arewa24 an yi shi ne daidai da wannan rabin hankalin: hira ce cikin Hausa mai sauƙi a kan aure da tarbiyya da lafiya da sana'a, an yanka ta gunduwa-gunduwa, ta yadda wanda ya shiga kicin ya dawo ba zai ji an bar shi a baya ba. Rauninsa shi ne ba daga nan mutum zai san abin da ya faru jiya da dare a Abuja ko a Zamfara ba. Tashar jiha takan buɗe da karatun Alƙur'ani da ɗan wa'azi, ta bi da shirin safe wanda yawanci baƙinsa kwamishinoni ne da jami'an ma'aikatun jiha. Gaskiyar magana ita ce a gidajen Hausawa da yawa rediyo ne yake da safiya, domin mutane sun saba da labaran BBC da DW da RFI da kuma tashoshin FM na gida, don haka ban ga dalilin da zai sa a yanke hukunci a kan tashar talabijin saboda shirinta na safe kaɗai ba.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne tsakanin hantsi da La'asar, domin wannan ne lokacin da masu zaɓen tasha, wato magidanta, ba sa gida, kuma shi ne mafi tsawo a yinin talabijin. Waɗanda suke gida a wannan lokaci su ne matan aure masu sana'ar cikin gida, da tsofaffi, da marasa lafiya, da ƙananan yaran da ba su isa makaranta ba. A nan NTA takan yi nisa da su. Tsakar ranarta cike take da taƙaitattun labarai, da shirye-shiryen da ma'aikatu da hukumomi suka biya kuɗi a nuna ayyukansu, da kuma watsa taruka kai tsaye, ko zaman majalisa ko ƙaddamar da wani aiki ko bikin yaye ɗalibai, wanda zai iya cinye sa'o'i biyu ko uku ba tare da la'akari da abin da aka tsara a jadawali ba. Wannan hidima ce ta gaske ga wanda abin ya shafa, kuma babu wata tasha da take yin ta kamar NTA, amma ga matar da take ɗinki ko ƙulla kayan miya a tsakar gida, jawabin babban sakatare da Turanci ba abokin hira ba ne.

Arewa24 ta fahimci wannan gibi, kuma a kansa ta gina yininta. Da rana takan maimaita wasannin kwaikwayon da ta nuna da dare, ta sa finafinan Kannywood, ta kawo shirin girki irin su Akushi da Rufi, da shirye-shiryen mata da na kiwon lafiya, da kuma wasannin ƙasashen waje masu dogon zango da aka fassara da Hausa, musamman na Indiya. Maimaici yakan gundiri wanda yake da wuta kullum, amma ga mafi yawan gidaje alheri ne, domin wanda aka ɗauke masa wuta a daren Asabar yana da damar ya riski abin da ya wuce shi a cikin mako. Fassararrun wasannin ne suke bukatar maigida da uwargida su zauna su yi shawara. Suna da jan hankali sosai, suna ɗaukar watanni ana bin su, kuma duk da ana tace su, labarinsu na soyayya da kishi da makircin surukai an gina shi ne a kan al'adar da ba tamu ba. Ba na cikin masu cewa a haramta su, domin Hausawa sun fi rabin ƙarni suna kallon finafinan Indiya tun zamanin gidajen silima, amma ina ganin bai dace a bar yarinya 'yar shekara tara ta yini a gabansu ba tare da babba a kusa ba.

Tashar jiha da rana ta dogara ne da ƙarfin aljihun gwamnatin da take riƙe da ita. Wasu suna da shirye-shiryen noma da kiwo da na ilimin manya da na kiɗan gargajiya, waɗanda ba za a same su a wani wuri ba, wasu kuma sukan cike lokacin da tsofaffin faya-faye da waƙoƙin yabon gwamnati. Wanda yake son ya san irin tasa sai ya ware yini biyu na tsakiyar mako ya kalle ta da idonsa.

Bayan La'asar yara ne ya kamata su mallaki akwatin, kuma a nan dukkan ukun suna da abin da za a tuhume su da shi. Waɗanda suka tashi a shekarun 1980 suna tuna Tales by Moonlight na NTA, inda ake tara yara a ba su tatsuniya, kuma rassan Arewa suna da nasu shirye-shiryen yara da Hausa, da kacici-kacici tsakanin makarantu. Irin wannan ya ragu ƙwarai, saboda shirin yara yana da tsadar yi kuma masu talla ba sa rububinsa. Arewa24 ta yi ƙoƙari da shirye-shiryen yara cikin Hausa, amma kasonsu a yini kaɗan ne idan aka kwatanta da na manya. Abin da ya rage wa matsalar kaifi shi ne yawancin yaranmu suna Islamiyya a wannan lokaci, ba sa dawowa sai dab da Magariba. Iyayen da suke son zane mai motsi da shirye-shiryen koyon karatu na sa'o'i da yawa ba za su same su a tashar kowa da kowa ba, sai a tashoshin yara zalla da ke cikin dikodar biyan kuɗi, kuma waɗannan kusan duk da Turanci suke.

Daga Magariba zuwa ƙarfe 10 na dare ne ake yin ainihin gasar, domin a nan ne gida yake cika, a nan ne ake tayar da janareta idan akwai, a nan ne kuma kowace tasha take fito da mafi kyawun abin da take da shi. Dokokin hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasa, NBC, wadda aka kafa a 1992, sun ware ƙarfe 7 zuwa 10 na dare a matsayin lokacin iyali, wanda ake son a cike shi da shirye-shiryen gida da suka dace yaro da babba su kalla tare. A da, wannan lokaci na NTA ne da tashoshin jihohi ba tare da abokin hamayya ba. Daga Kaduna aka san Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi da wasannin marigayi Kasimu Yero, daga Jos aka san Karkuzu, CTV ta Kano kuma ta yi suna da wasanninta na Hausa har a wajen jihar. Waɗannan su ne suka share wa Kannywood hanya. Amma gidajen gwamnati sun sassauta wajen zuba kuɗi a wasan kwaikwayo, kuma gurbin da suka bari shi ne Arewa24 ta shiga.

Daɗin Kowa na Arewa24, wanda ya ci lambar yabo ta Africa Magic a 2016, ya ɗauki wani ƙirƙirarren gari ya zuba masa irin mutanen da kowa ya sani a unguwarsu: malamin tsangaya da almajiransa, mai shayi, 'yan gudun hijira, matasan da shaye-shaye ya ɗauke, da ma'aurata irin su Kamaye da Adama da talauci yake gwada zamansu. Kwana Casa'in, da ya fara a 2019, ya shiga siyasar ƙirƙirarriyar jihar Alfawa, inda ya nuna yadda ake sayen 'yan jarida da yadda asibitin gwamnati yake lalacewa da yadda uban gida yake juya gwamna, abubuwan da tashar da gwamna yake biyan albashinta ba za ta taɓa nunawa da wannan sigar ba. Gidan Badamasi barkwanci ne a kan attajirin tsoho da tarin 'ya'yansa masu jiran gado, Labarina na Aminu Saira kuma, wanda ya fara fitowa a 2020, ya ɗaga matsayin hoto da sauti a wasannin Hausa masu dogon zango. Ana baza waɗannan a darare daban-daban na mako, musamman ƙarshensa, ta yadda kowane dare yake da abin jira. A ganina, a fagen wasan kwaikwayo na Hausa da dare babu wata tashar kowa da kowa da take kusa da Arewa24 a yau, kuma wanda wannan ne babban abin da iyalinsa suke so ya riga ya samu amsarsa.

Sai dai ƙarfe 9 na dare na NTA ne, kuma an yi shekaru da dama haka. Labaran ƙasa da ake haɗa dukkan rassa a watsa lokaci guda su ne ginshiƙin yininta, kuma muryoyin masu karanta su irin su Cyril Stober da Eugenia Abu sun zauna a kunnen tsara guda. Ranar Lahadi kuma akwai Newsline, mai kawo labaran rayuwar talakawa da abubuwan al'ajabi. Dole a faɗi gaskiya game da waɗannan labarai: sukan fara da shugaban ƙasa, su bi da mataimakinsa da majalisa da ministoci, kuma ba kasafai suke tsananta wa gwamnati mai ci ba, kowace ce. Wanda yake neman a tono abin da hukuma take ɓoyewa zai fi samunsa a tashoshi masu zaman kansu irin su Channels ko Trust TV, ko a sassan Hausa na gidajen rediyon waje. Amma wanda yake son ya ji sanarwar gwamnati daga tushe, ranar hutu ce ko sabon naɗi ko sabuwar doka, kuma ya ga rahoto daga jihohin da sauran tashoshi ba su da wakilai, NTA ce take ba shi. Arewa24 ba a gina ta a kan ɗakin labarai ba, don haka gidan da ya tsaya a kanta ita kaɗai zai iya shan dariya da tausayi har tsakar dare bai san an sauya ministan ilimi ba. Wannan shi ne babban gibinta, kuma bai kamata a raina shi ba.

Labaran tashar jiha, waɗanda akan karanta da Turanci sannan da Hausa da yamma ko farkon dare, suna da irin raunin na NTA, har ma ya fi, domin gwamna da matarsa da kwamishinoni sukan cinye rabin lokacin. Duk da haka a nan ne za a ji ranar komawa makarantun jiha, da jadawalin rigakafin yara, da rabon takin zamani, da sanarwar masarauta, da tsarin biyan kuɗin aikin Hajji na hukumar alhazai ta jiha. Waɗannan ƙananan labarai ne a idon ɗan jaridar Abuja, amma su ne suke taɓa rayuwar gida kai tsaye.

Bayan ƙarfe 10 babu abin da zai sauya wa mutum zaɓi. NTA takan shiga tattaunawar siyasa, Arewa24 ta koma fim ko waƙoƙi ko maimaici, wasu tashoshin jihohi kuma su rufe sai gobe.

Akwai ranakun da jadawalin yau da kullum yake rushewa, kuma a nan darajar tashoshin gwamnati take fitowa. A watan azumi tashar jiha da reshen NTA na gari sukan koma kusan makaranta, tafsiri yana bin tafsiri daga masallatai daban-daban na jihar, yawanci da ɗaukar nauyin attajirai da 'yan siyasa, kuma mai kallo yana ganin malaman garinsu da ya sani. Akwai tashoshin addini zalla a tauraron ɗan'adam, irin su Sunnah TV da Manara TV, amma kowacce tana bin tafarkin masu ita, alhali tashar jiha takan ba ɓangarori daban-daban lokaci. A ranakun Sallah kuma, wanda yake son ya ga hawan Sarki kai tsaye, ko Hawan Daushe a Kano, tashar jiha ce madogararsa. Iyalan Hausawa Kirista su ma sukan samu shirye-shiryen coci ranar Lahadi da lokacin Kirsimeti a NTA da tashoshin jihohi irin su na Kaduna da Filato. Jawabin shugaban ƙasa na ranar 1 ga Oktoba da na 12 ga Yuni, da rantsar da sabuwar gwamnati, da sanar da sakamakon zaɓe daga zauren hukumar zaɓe, duk NTA ce gidansu. Arewa24 takan yi shirye-shirye na musamman na azumi da na Sallah, masu kyau kuwa, amma an riga an naɗe su, kuma an yi su ne domin Bahaushen ko'ina, daga Sakkwato har Damagaram, ba domin mutumin wata unguwa ba.

Batun ƙwallon ƙafa gajere ne. NTA takan nuna wasu wasannin Super Eagles da na manyan gasanni idan ta samu izini, amma gasar Firimiya ta Ingila da ta Zakarun Turai suna hannun tashoshin biyan kuɗi irin su SuperSport. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da za ta hana matashi zuwa gidan kallon ƙwallo.

Harshe ma abin dubawa ne, kuma yana da fuska biyu. Gidan da tsofaffi da mata ba sa jin Turanci, tashar da take magana da Hausa daga safe har dare ta fi musu mutunci, domin ba sa bukatar wani ya fassara musu. NTA ta gane haka, ta buɗe tashar NTA Hausa, wadda ake samu a dikodar StarTimes, kamfanin da ya shigo Najeriya da haɗin gwiwarta a 2010. A ɗaya fuskar kuma, akwai iyayen da suke so yaransu su riƙa jin Turanci mai kyau a gida saboda makaranta da jarrabawa, kuma labaran ƙarfe 9 kowane dare suna yin wannan aiki fiye da yadda ake zato. A Jamhuriyar Nijar ma haka lamarin yake da ɗan bambanci: Télé Sahel ta gwamnati tana watsa manyan labaranta da Faransanci, tana kuma ba da labarai da harsunan ƙasa ciki har da Hausa da Zabarmanci, yayin da gidaje da yawa a Maraɗi da Damagaram suke kama tashoshin Hausa na Najeriya ta faranti domin wasan kwaikwayo.

Tallace-tallace kuwa kowacce da irin nata nauyin. A Arewa24 talla takan katse wasa a daidai inda ya ɗauki zafi, kuma a manyan shirye-shiryen dare takan yi yawa, amma wannan shi ne kuɗin da mai kallo yake biya maimakon kuɗin wata, kuma da shi ake biyan 'yan wasa da masu ɗaukar hoto. A tashoshin gwamnati matsalar ta fi zurfi, domin wani lokaci shirin gaba ɗayansa talla ne da aka yi wa rigar rahoto, ko na hukuma ko na ɗan siyasa ko na mai maganin gargajiya da yake iƙirarin warkar da cututtuka barkatai. Irin na ƙarshen nan ya fi kowanne haɗari ga tsofaffi da marasa lafiya da suke gida da rana, kuma ya kamata a riƙa yi musu bayani cewa fitowa a talabijin ba shaidar inganci ba ce.

Duk wannan yana komawa ga na'urar da za a saya. Eriya ita ce mafi arha, kuma da ita ake kama reshen NTA na gari da tashar jiha da wasu tashoshi masu zaman kansu na kusa, amma ƙarfinta ya dogara da nisan gida daga turken watsawa, don haka a ƙauyukan da ke nesa hoton yakan zo da yayyafi ko ya ƙi zuwa sam. Shirin mayar da watsa talabijin zuwa tsarin dijital, wanda aka fara a Jos a 2016 aka kai Abuja da Kaduna da Kano daga baya, ya zo da ƙaramar dikodar FreeTV, amma bai game ƙasar ba. Faranti da risiba na kyauta ana sayensu sau ɗaya ne, a biya mai saitawa, daga nan babu kuɗin wata, kuma da su ake kama Arewa24 da tarin tashoshin Hausa da na addini, ko a birni ko a ƙauye. Illarsu ita ce hadari da ruwan sama mai ƙarfi sukan ɗauke hoton, iska takan karkatar da farantin, kuma idan tasha ta sauya mita sai an nemo mai gyara. Dikodar biyan kuɗi, ta StarTimes ko GOtv ko DStv, tana tattara NTA da Arewa24 da tashoshin labarai da na yara da na finafinan Hausa a rimot ɗaya, amma kuɗin wata yana tafiya ko an samu wuta ko ba a samu ba, kuma farashin ya sha hawa a 'yan shekarun nan.

Saboda haka wutar lantarki ce take yanke rabin hukuncin. Gidan da ba ya samun wuta sai sa'o'i kaɗan, kuma ba a san lokacin zuwanta ba, asara ce ya ɗaura wa kansa kuɗin wata, gara faranti na kyauta da tasha mai yawan maimaici. Gidan da yake da sola mai riƙe talabijin yini guda shi ne zai ci moriyar dikodar biya, shi ne kuma ya fi bukatar a sa ido a kan abin da ake kallo da rana. Wayar hannu ta rage wa matasa dogaro da jadawali, tunda yawancin wasannin nan ana samunsu a YouTube ko a manhajar Arewa24, amma kuɗin data yana da nasa ciwon, kuma kallon waya na mutum ɗaya ne, ba ya tara iyali wuri guda.

Idan aka ce lallai in nuna ɗaya da za a bar akwatin a kanta a gidan Bahaushe mai mata da yara da tsofaffi, Arewa24 zan nuna, saboda ita ce ta fi kula da mutanen da suke gida da rana, ita ce kuma ta fi ƙarfi a sa'o'in da iyali suke haɗuwa. Amma ba zan shawarci kowa ya tsaya a kanta ita kaɗai ba. Wanda ya kafa faranti ya ƙara ɗan kuɗi ya ɗaura eriya a gefe, domin yawancin talabijin suna karɓar duka biyun, sai a riƙa juyawa zuwa tashar jiha lokacin labaran Hausa na yamma da watan azumi da ranakun Sallah, a juya zuwa NTA da ƙarfe 9 da ranakun da ƙasa take da babban al'amari. Ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar da harkarsa take rataye da manufofin Abuja, wanda kuma iyalinsa suke jin Turanci, zai iya juya tsarin, ya mayar da NTA tashar gida, ya bar wasannin Hausa zuwa dararen ƙarshen mako. Dikodar biyan kuɗi kuwa a bar ta ga gidan da yake da tsayayyar wuta, kuma yake da masu son ƙwallo ko ƙananan yara da ake son a ba su tashoshinsu, kuma ko a nan ɗin ya fi kyau a fara da ƙaramin tsari na wata ɗaya, a duba tashoshi nawa aka kalla da gaske kafin a sabunta.